Sanarwar Bayan Taron Masu Ƙananan Masana'antu na Kano Kan Zuba Jari da Ayyukan Yi

Mu masu ƙanana da matsakaitan masana'antu na Sharaɗa, Bompai, Challawa da Tokarawa mun zauna a Kano, mun tattauna yadda mu'amalar gwamnatin jiha da 'yan kasuwa ke jawo jari ko korar sa. Ga matsayar taron.

Maganar takardar fili ce ta fi cin lokacin mahalarta. Babu mai kuɗin da zai zuba siminti da rodi a fili alhali bai da tabbacin cewa takardar da gwamnatin yau ta ba shi, ta gobe za ta mutunta ta. Rusau ɗin watan Yunin 2023, wanda ya ci gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, har yanzu shi ne abin da abokan hulɗarmu na nesa ke fara tambaya. Taron ya yarda gwamnati na da hurumin ƙwato filin jama'a idan an raba shi ba bisa ƙa'ida ba, amma a bi ta sanarwa da kotu da diyya. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Dukiyar jama'a ce ta tafi, kuma yaran shago da 'yan dako da suka rasa abin yi ba sa cikin lissafin.

Sai haraji. Ba mu ƙi biya ba. Abin da ya ishe mu shi ne mota ta ɗauko masara daga Dawanau, kafin ta isa Sharaɗa an tare ta nan, an tare ta can, kowa da kalar rasiɗinsa. Idan kuɗin aiki ya yi wa mai injin yawa, aikin dare yake fara sokewa, leburori su koma gida. Muna neman takardar haraji ɗaya a shekara, a biya ta banki, a janye masu karɓa a kan titi.

Taron ya lura cewa a 2017 kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Kaduna, jihar da ta tashi tsaye wajen zawarcin masu jari. Kano ta fi ta kasuwa da jama'a, bai kamata irin wannan ya riƙa wuce ta ba.

Kan wuta, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Muna roƙon a fifita unguwannin masana'antu da wutar madatsar ruwa ta Tiga, a kuma shirya su tun yanzu domin iskar gas ta bututun AKK.

Muna kira ga Mai Girma Gwamna da Majalisar Dokokin Jiha su yi dokar da za ta kare takardun fili da yarjejeniyoyin jari daga sauyin gwamnati, kuma a zauna da mu kafin a ɗora kowane sabon haraji.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare, a madadin mahalarta taro.