Kafin a Zare Wayar Tsohuwar Kwamfuta

Ƙaunatattun matasa, a ikkilisiyoyinmu da makarantu da ƙananan ofisoshi daga Bodinga har Shagari, idan kwamfuta ta tsufa ku ake kira. Sai a ce, “An sayo sabuwa, ku kawar da wannan.” Roƙonmu shi ne kada ku yarda a zare wayarta sai an kwashe abin da ke ciki, an kuma buɗe kwafin an gani da ido.

Manyan ma'aikatu sun daɗe da wannan tsari. Suna da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata gaba ɗaya. Kafin a sallame ta daga aiki, sai a juye kome a kan kaset na maganaɗisu, ɗan'uwan kaset ɗin da iyayenmu suka saurari waƙa da shi. Nau'in da ake kira LTO ya fito a 2000, kuma LTO-9 guda ɗaya yana ɗaukar terabait 18. Masu ƙera shi sun ce yana iya kai shekara 30 idan an adana shi da kyau. Ba ya cin wutar lantarki, kuma tun da ba a jone yake da intanet ba, masu kutsen da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa ba su da hanyar isa gare shi.

Sakaci a nan yana da tsada. A 2019 kamfanin Myspace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen ƙaura zuwa sababbin saba. Kaset ma ba laya ba ne. A 2009 hukumar NASA ta Amurka ta bayyana cewa ainihin kaset ɗin da suka ɗauki saukar mutum a wata a 1969 an goge su, an sake naɗar wani abu a kai.

Ba mu ce ku nemo LTO ba. Na'urar karanta shi ta fi ƙarfin aljihunmu, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu. Faifan ajiya guda biyu sun isa, ɗaya a ofis, ɗaya a wani gida dabam, kowanne da suna da kwanan wata a jikinsa. Rajistar baftisma da ta aure da takardun fili kuwa, a buga su a takarda. Ku tuna da matar da mijinta ya rasu, aka ce ta kawo shaidar aure kafin a biya ta haƙƙinsa. Ba ruwanta da cewa kwamfutar ta ƙi tashi.

Ƙasar nan ta san darajar kwafi. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuma a Bodinga. Littattafansu sun iso zamaninmu ne domin almajirai sun yi ta juyar su da hannu, har ga su yau a ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne gwaji. Mutum ya ga an rubuta “an gama”, sai ya cire faifan ya tafi. A'a. Ku kai shi wata kwamfuta, ku buɗe takardun kuɗi, ku nemi sunan wani da aka yi wa baftisma shekara goma da suka wuce. Ku kira ma'aji da sakatare su duba da kansu, gama su suka san abin da babu. Sannan a bar tsohuwar a kulle na 'yan watanni.

Bayan haka sai a goge ta sarai kafin a sayar ko a kyautar. Sunayen mutane da lambobin wayarsu suna ciki, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.