Dodanni shida a aljihun yaro: A ƙwace wayar, ko a zauna a ji bayani?

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan babu ƙorafin da ya fi yawa a bakin iyaye 'yan kasuwa, daga Arzeke ta Paraku har babbar kasuwar Jugu, kamar na yara da waya. Ka bar yaro ya tsare maka rumfa ka je sallar Azahar, ka dawo ka tarar mai saye ya yi sallama sau uku ya wuce, shi kuwa gogan naka kansa na sunkuye. Mafi yawan iyaye hukunci ɗaya suke yankewa, wato a ƙwace wayar a jefa a akwati. Ban ga laifinsu ba, domin ciniki ba ya jiran kowa. Sai dai ina da ja a kan yi wa wasannin nan kuɗin goro, don kuwa ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

Akasarin abin da yaranmu ke bugawa ƙwallo ne da harbe-harbe, waɗanda saurin yatsa kawai suke buƙata. Amma akwai wani da 'yan ƙalilan daga cikinsu suka kama, wanda ya fi kusa da dara, ana kiransa Pokémon. Kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ne ya ƙirƙiro shi, Nintendo ya fitar da shi a 1996 da dodanni 151, yau kuma sun haura 1,000. Kada kalmar dodo ta firgita mai karatu, zane-zane ne na halittu, wani kamar ɓera, wani kamar kunkuru, wani kamar kada. Ba a rige-rigen danna maɓalli. Kai ka zaɓi abin da naka za su yi, abokin karawarka ya zaɓi nasa a ɓoye, sannan na'ura ta bayyana abin da ya faru, a sake sabon zagaye.

Tun 2009 ake gudanar da gasar duniya ta wannan wasa, kuma dokarta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kowane ɗan wasa yana zuwa da tawagar dodanni shida, ba a maimaita iri ɗaya, kuma kowane dodo dabaru huɗu kacal yake riƙewa. Kafin a fara sai a nuna maka shidan abokin karawarka, shi ma a nuna masa naka, kowa ya ware huɗu da zai shiga da su, ana fafatawa biyu da biyu. Ke nan rabin yaƙin an gama shi tun a gida, ranar da aka zauna ana tunanin wa za a ɗauka, wa za a bari.

Dodannin sun kasu jinsi 18, kuma kowane jinsi yana da wanda yake ci da wanda ke cinsa. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin tsiro, tsiro yana shanye ruwa. Lantarki yana yi wa na ruwa da masu tashi sama illa, amma ko gezau ba ya sa na ƙasa. Idan ka bugi dodo da abin da yake tsoro, raunin ya ninka biyu. Idan kuwa jinsi biyu ya haɗa kuma dukansu suna tsoron abu ɗaya, ya ninka huɗu. Alal misali akwai wani mai suna Gyarados, ƙaton macijin ruwa mai tashi, wanda duk girmansa lantarki ɗaya mai kyau kan kwantar da shi. Haka Garchomp, da yara ke ji da shi, da ya haɗu da ƙanƙara sai labari ya sha bamban.

To, kuskuren farko da kowane sabon shiga ke yi shi ne ya tara manyan mabuga shida, duk wanda ya ji an ce yana da ƙarfi sai ya jefa shi ciki. Sai ya haɗu da wanda ya san hannunsa, ya lura huɗu daga cikin shidan abu ɗaya suke tsoro, ya share su da dodo ɗaya. A nan ne nake son dattawanmu su saurara, domin wannan darasi ba baƙo ba ne a Jugu da Paraku. Garuruwan nan biyu a kan hanyar fatake suka girma, hanyar da ta taso daga Kano da Sakkwato, ta ratsa Bargu, ta bi ta Jugu ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja, a kai kanwa da tufafi da fatu a dawo da goro. Unguwannin Zango da muke zaune a cikinsu ragowar wancan zamani ne. Ayarin da ke yin wannan tafiya ta watanni kuwa ba taron majiya ƙarfi ba ne. Akwai madugu mai yanke shawara da yin magana da sarakunan hanya. Akwai jagaba da ke gaba, wanda ya san mashigi da mashaya da inda 'yan fashi ke kwanto. Akwai uban dawaki mai tattara kuɗin fito da ake biya a garuruwa, ga malamin ayari mai rubutu da lissafin kwanaki. Da za a cika ayari da madugai goma babu jagaba, da ko Kwara ba za a ƙetare ba.

Haka tsarin yake a wannan wasa ga waɗanda suka iya. Suna fara zaɓen dodo ɗaya ko biyu da za su dogara da su wajen bugu, sannan su tambayi kansu: me ke kashe waɗannan? Sauran gurabun na masu toshe wannan ɓaraka ne. A samu mai jure duka da zai tsaya a gaba. A samu mai rage wa abokan gaba ƙarfi da zarar ya shigo fili. A samu mai kula da sauri, domin a wasan wanda ya fi sauri shi ke fara bugu, kuma sau da yawa wanda ya fara shi ke rayuwa. Akwai dabarar da ke ninka saurin tawagarka na zagaye huɗu, akwai kuma wadda ke juya lamarin na zagaye biyar, mai nauyin jiki ya riga mai sauri. Hatta horon da ake ba kowane dodo a ƙididdige yake. A fitowar wasan ta 2022 maki 510 ake ba ka ka rarraba tsakanin ƙarfi da juriya da sauri, ba ka da ikon zuba fiye da 252 a wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwatano da jari ƙayyadadde yana tunanin nawa zai sa a shinkafa, nawa a atamfa, nawa zai rage na mota da duwan, ya san wannan ciwon kai.

Labarin da masu wasan ba sa gajiya da bayarwa shi ne na gasar 2014 a birnin Washintan na Amurka. Wani matashi ɗan Koriya ta Kudu, Sejun Park, ya zo da Gyarados ɗin nan mai tsoron lantarki, sai ya haɗa shi da wani ɗan ƙaramin dodo mai siffar kurege, Pachirisu, wanda kusan babu mai kallonsa a matsayin abin zuwa gasa da shi. Kuregen ba ya iya wani bugun kirki. Aikinsa shi ne ya janyo harin abokan gaba zuwa kansa, kuma irin wanda Park ya zaɓa lantarki ba ya cutar da shi, hasali ma ƙara masa lafiya yake yi. Kurege na shan duka, maciji na ɓarna. Da haka ya ɗauki kofin duniya. Ba don kuregen ya fi sauran ƙarfi ya shiga tawagar ba, sai don shi ne daidai ramin da ke jikinta. Mu da muka taso da tatsuniyoyin wayon kurege ba ma buƙatar dogon sharhi a nan.

Ban kawo wannan don nishaɗi kawai ba. Mu duba abin da ya same mu a kan iyaka. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Duk wanda jarinsa kaf yana cikin shinkafar da ake tsallakawa da ita ta Nikki da Cikanda ya ji a jikinsa. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka toshe gadar Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi layi kaya na lalacewa. Ko da ƙungiyar ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ba ta buɗe nata a lokacin ba, kaya suka koma bin kwalekwale ko dogon zagaye ta Togo da Burkina Faso. Paraku, wadda a nan layin dogo daga Kwatano ya tsaya kuma a nan aka saba sauke kayan Nijar a ɗora wa motoci, ta fi kowa sanin zafin abin. Waɗanda suka ɗan sha iska su ne masu ƙafa biyu ko uku: mai hulɗa da Kara ta hanyar Jugu, mai taɓa doya da ƙwallon kaɗanya da kashu a cikin gida, mai abokan ciniki a kudu. Kakanninmu ma sun ga irin wannan a 1892, lokacin da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu neman wasu zangunan. Yaron da ya shafe wata yana tambayar kansa "idan aka zo mini da ƙanƙara, wa zai tare?" yana koyon tambayar da da yawa daga cikinmu ba mu yi ba kafin a rufe gada.

Sai dai fa kada a ce na ce wasa ya zama makaranta. Akwai abubuwan tsoro, kuma na farko shi ne caca. A watan Maris na 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta hana Pokémon, kuma cikin dalilan da ta bayar har da cewa katunansa sun zama hanyar caca tsakanin yara. Hukuncin wasan kansa na bar wa malamanmu, su ne masu wannan fage. Amma maganar katunan ko ɗan kasuwa ya gane ta: ka sayi ƙunshi a rufe ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan ka dace da mai tsada. Karawar da nake magana a kanta daban ce, ko da yake ita ma tana da ɗan rabonta na sa'a, domin wani bugun yakan kuskure, wani ya zo da ƙarfin da ba a zata ba. Da sa'a ce zalla, da Ray Rizzo na Amurka bai ci gasar duniya sau uku a jere ba, 2010 da 2011 da 2012. Duk da haka, ranar da yara suka fara aza dala ko jaka a kan wa zai ci, an bar dara an shiga karta, kuma a nan babu sassauci.

Na biyu kuɗi. Na'urar Nintendo Switch da ta fito a 2017 dalar Amurka 300 aka sa mata, ban da kuɗin wasan. Babu dalilin da zai sa uba ya cire wannan daga jari, alhali tun 2011 akwai Pokémon Showdown, inda ake haɗa tawaga a kara da mutane kyauta ta intanet, ko a waya. Ga 'yan'uwa masu sayar da kayan lantarki kuma, ku ji tsoron Allah game da jabun kaset-kaset na tsofaffin na'urori. An san halinsu, yaro ya yi makonni yana tara dodanni, rana ɗaya komai ya goge. In jabu ne ku ce jabu ne, ku sa masa kuɗin jabu.

Na uku shi ne mafarki. Za ka ji yaro na cewa ai ana samun kuɗi a gasa. Ana samu, amma su nawa? Daga 2009 zuwa 2025 ba a taɓa yin gasar duniyar nan a Afirka ba, an yi ta ne a Amurka da Kanada da Landan da Yokohama, kuma babu ɗan Afirka da ya ɗauki kofin manya. Gaskiya ne Paul Ruiz na Ekwado ya ci a 2018, abin da ke nuna ba sai ɗan babbar ƙasa ba, amma kuɗin jirgi da biza kaɗai sun isa su buɗe wa yaro teburi a Arzeke. Bugu da ƙari, akwai abin da wasan ba zai taɓa koyarwa ba. Dodo ba ya cin amana. Ba ya karɓar kaya bashi ya kashe waya, ba ya haɗa baki da direba, ba ya fushi don an fifita ƙaninsa. Madugun da yake haɗa ayari da mutane yake aiki, masu ciki da iyali da son zuciya, kuma wannan karatu sai a rumfa, kusa da uba.

Saboda haka shawarata ga Alhazan kasuwa ita ce a raba lokaci, a kuma raba wasa da wasa. Lokacin ciniki waya ta shiga aljihu, wannan ba abin tattaunawa ba ne, haka lokacin sallah da na makarantar allo ko ta boko. Amma da daddare, kafin ka yanke hukunci, kira yaron ka ce ya nuna maka shidansa, ka tambaye shi dalilin kowane ɗaya. Idan ya ce maka wannan ƙarfi gare shi, wancan ma ƙarfi gare shi, to ɓata lokaci yake yi, ka rage masa. Idan kuwa ya ce wannan na sa shi ne don ya kare wancan daga lantarki, wannan kuma na ajiye shi saboda masu juya sauri, to gobe ka miƙa masa littafin shagon, ka ce ya duba kayan da ke ciki ya gaya maka waɗanne ne za su kwanta tare idan aka sake rufe hanyar Nikki.