Jirgin Wasa Mai Rimot: Ku Daina Sayar Mana Da Kwali

Ƴan uwa na Dantchiao, Magarya da Dungas, da duk masu bin wannan shafi daga nesa.

Yau maganarmu da ƴan kasuwa ce, da iyaye masu sayen ido rufe. Duk ƙaratowar Sallah sai kayan wasan yara su kwararo mana daga Kano da Damagaram, kuma yanzu abin yayi shi ne jirgin sama mai rimot. A jikin kwali an zana shi yana alkafura cikin gajimare. A fili kuwa, tashi ɗaya, faɗuwa ɗaya, fiffike ya rabu biyu. Yaro na kuka, kuɗin cefanen kwanaki sun bi iska, mai shago ya ce ai kaya in sun fita ba su dawowa. Wannan ba ciniki ba ne, cuta ce.

Za a ce mana ai abin wasa ne, mene ne na tada jijiyar wuya? To, kuɗin da aka biya ba na wasa ba ne, gero da wake aka sayar. Kuma kowane jirgin rimot sai ya faɗi, har na ƙwararru. Ingancinsa yana bayyana ne bayan faɗuwar: zai sake tashi ko sai bola?

Ga abin dubawa kafin a zaro kuɗi. Na farko jiki. Akwai farin soso irin wanda ake tallafe firiji da shi cikin kwali, yana bugun ƙasa ya farfashe. Akwai wanda ake kira EPP, in ka lanƙwasa shi ya koma yadda yake, in ya yage gam ya kama shi. Matsa fiffiken da yatsa: in ya lotsa bai dawo ba, ajiye shi.

Na biyu inji. Mai burushi a ciki ya fi araha, amma burushin cinyewa yake, ƙurar hunturunmu kuma tana gaggauta mutuwarsa. Marar burushi ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa. Haka ƙananan injinan da ke murɗa fiffike da jela: masu haƙoran roba kan zube a faɗuwa mai ƙarfi, masu haƙoran ƙarfe sun fi jurewa.

Na uku rimot. Jirgin da zai yi alkafurar gaske yana buƙatar hanyoyin sarrafawa 4: wuta, fiffike, ɗaga hanci da juya jela. Mai hanya 2 wuta da juya hagu da dama kawai ya iya, ko me aka zana a kwali. Wanda kuma rimot ɗinsa ke aiki da haske irin na talabijin, rana na rikita shi, a ɗaki aka yi shi ya tashi. Na fili shi ne mai rubutun 2.4GHz.

Na huɗu batir, kuma nan ne haɗarin. Batiran litiyom ne, kowane ɗaki ɗaya volt 3.7, ba su son zafi. A nan kuwa watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Batirin da ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, mu kuma ga danni, ga rumbu, ga harawa a kan rufi. Wane ɗan kasuwa ne ya taɓa gaya wa mai saye haka?

Na ƙarshe, tambayi mai shago: farfela in ta karye, kana da wata? In ya ce babu, ka san kayan yini ɗaya yake sayarwa. Araha dai ba ta ado.

Mun san talaka ba ya iya mai tsada. Amma ba dole ne zaɓi ya tsaya tsakanin mai tsada da na bogi ba. Yaranmu da ke ƙera mota da kara da gwangwani, in ta lalace su gyara da hannunsu, sun fi kwalin nan daraja. Matasa biyar su haɗa kuɗi su sayi inji, batir da rimot na kirki, su yanka jikin da kansu, duk faɗuwa ta zama darasi. A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic. A Yamai, Abdoul Aziz Kountché ya kafa kamfanin Drone Africa Service. Hannu da haƙuri suka kai su can.

Ƴan kasuwa, ku ji tsoron Allah: ku buɗe kwali, ku gwada a gaban mai saye, ku kawo kayan gyara. Iyaye, duk wanda ya ƙi gwadawa ku bar masa kayansa. Matasa kuma, mu a bakin iyaka muke, kada a tada mai kyamara ba tare da izinin hukuma ba.

Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya shirya mana zuri'a.