David Sacks: Attajirin intanet da ya samu kunnen fadar White House

A watan Disamba na 2024, Donald Trump ya sanar da naɗa David Sacks mai ba shi shawara kan ƙirƙirarriyar basira da kuɗin kirifto. Naɗin ya nuna yadda attajiran fasaha suka tashi daga masu ba da gudummawar kamfe zuwa masu tsara manufofin gwamnati da kansu.

An haifi Sacks a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 1972, iyayensa suka ƙaura Amurka yana yaro. A jami'ar Stanford ya haɗu da Peter Thiel, suka wallafa littafi tare a 1995 mai sukar masu sassaucin ra'ayi a jami'o'i. Ya zama babban jami'i a PayPal, kamfanin da eBay ya saya a 2002. A 2008 ya kafa Yammer, wanda Microsoft ya saya a 2012 kan dala biliyan 1.2, sannan a 2017 ya kafa kamfanin zuba jari na Craft Ventures.

Sunansa ya fita daga da'irar 'yan kasuwa ne ta shirin tattaunawa na All-In da aka fara a 2020. Tun bayan da Rasha ta mamaye Yukren a 2022, ya dage cewa faɗaɗa ƙungiyar tsaro ta NATO na cikin abubuwan da suka haifar da yaƙin, kuma ya kamata Amurka ta rage kashe kuɗi a can, ta tura ɓangarorin teburin sulhu. Masu sukarsa na cewa hujjojin Moscow yake maimaitawa.

Irin wannan magana kan yi wa wasu daɗi a Yamai ko Bamako, inda aka gaji da katsalandan na ƙasashen Yamma. Sai dai tushenta daban ne. Sacks na magana ne da sunan muradun Amurka, kuma da wannan manufa ta fifita Amurka ce gwamnatin Trump ta rusa hukumar agaji ta USAID a 2025, abin da ya taɓa asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira daga Chadi zuwa Sudan.

Ɓangaren kirifto ya fi kusa da aljihun jama'a. A watan Yulin 2025 Trump ya sa hannu kan dokar GENIUS, wadda Sacks ya mara wa baya, mai tsara kuɗaɗen intanet da ke jingine da dala. 'Yan kasuwa da dama a Najeriya da maƙwabtanta na amfani da irin su USDT don kauce wa faɗuwar naira da tsadar aika kuɗi. Idan suka ƙara yaɗuwa, dala za ta ƙara ƙarfi a kasuwannin kan iyaka, ikon manyan bankunan yankin kuma ya ragu.

Fadar White House ta ce Sacks da kamfaninsa sun sayar da kadarorin kirifto na sama da dala miliyan 200 kafin ya kama aiki. Duk da haka, 'yan majalisa na jam'iyyar Democrat, irin su Sanata Elizabeth Warren, sun ci gaba da tambayar ko mai jari a wani fanni zai iya tsara masa doka ba tare da son kai ba.