Aikin Cire ’Yan Wuya: Wahalar Tana Gida, Ba a Ɗakin Tiyata Ba

Duk lokacin da likita ya ce za a cire wa yaro ’yan wuya, hankalin iyaye yakan tafi ga ranar tiyata. A ganina fargabar ta sauka inda bai kamata ba. Aikin da wuya ya kai awa guda, kuma yaron yana cikin barcin allura. Abin da ke raba wanda ya warke lafiya da wanda aka koma da shi asibiti cikin dare shi ne makonni biyun da ke biyo baya.

’Yan wuya, waɗanda likitoci ke kira tonsil, tsoka ce guda biyu a dama da hagun maƙogwaro. Daban suke da belun da wanzami ke yankewa, kuma cire su aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Akan yi shawarar cirewa idan kumburinsu ya dawo sau 7 a shekara guda, ko sau 5 a kowace shekara har shekara 2, ko sau 3 a kowace shekara har shekara 3. Haka kuma idan sun yi girman da yaro ke minshari, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci.

Hanyoyin aikin sun bambanta. Akwai yanka da wuƙar tiyata, akwai ƙona wurin da zafin lantarki, wanda ke rage zubar jini lokacin aiki amma yakan ƙara raɗaɗi daga baya. Akwai kuma rage tsokar a bar ɗan saura. Wannan ta fi saurin warkewa, sai dai tsokar na iya sake tsirowa. Ku tambayi likita wadda zai bi da dalilinsa, ku kuma sanar da shi tun farko idan yaro mai sikila ne ko jininsa ba ya saurin tsayawa.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne jira sai yaro ya yi kuka kafin a ba shi magani. Ciwon yakan tsananta bayan kwana 3 zuwa 5, har ya harba zuwa kunne. Yaron da haɗiya ke yi wa zafi zai ƙi shan ruwa, maƙogwaron da ya bushe kuma sai ya ƙara zafi. Saboda haka a ba da farasitamol da ibuprofen a kan lokaci, daidai awon da likita ya rubuta, musamman kamar rabin awa kafin cin abinci. A yawaita ba shi ruwa, da koko ko kunun da ya huce, a guji yaji da abinci mai zafi.

Akwai magungunan da ba su dace ba ko kaɗan. Asfirin yana sa zubar jini. Kodin kuwa, tun 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana ba da shi ga yaran da aka yi wa wannan aiki, domin hantar wasu tana saurin mayar da shi mofin har numfashi ya tsaya. A 2017 ta haɗa da tiramadol. Kada tausayi ya sa ku karɓo ɗayansu a kemis.

Farin abin da za ku gani a maƙogwaro ɓawon rauni ne, ba mugunya ba, kada a goge shi. Yakan faɗi tsakanin kwana 5 zuwa 10, kuma a lokacin ne jini ya fi ɓallewa, daidai sa’ad da aka saki jiki. Jan jini a baki, ko aman jini, ko yawan haɗiyar yawu ba dalili, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ko da jinin ya tsaya. Haka ma zazzaɓi mai zafi ko ƙarancin fitsari.

Shawarata ita ce, kafin a sa ranar aiki a sa wanda zai yi jinyar makonni biyu. A ɗage makaranta da guje-guje, kuma kada a tafi da yaro ƙauyen da ke nesa da asibiti sai wa’adin ya cika. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.