Lusitania: Harsasan Da Ke Cikin Jirgi Ba Su Halatta Jinin Fasinja Ba

Ranar 7 ga Mayu, 1915, wajen ƙarfe biyu da minti goma na rana, jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin teku, mai lamba U-20, ya harba wa jirgin fasinjan Birtaniya mai suna Lusitania nakiyar nan mai gudu cikin ruwa da ake kira tofido. Abin ya faru ne kimanin mil 11 daga gaɓar kudancin Ailan, kwana shida bayan jirgin ya baro New York ya nufi Liverpool. Cikin minti 18 ruwa ya haɗiye shi. Daga cikin mutum kusan 1,960 da ke ciki, kimanin 1,200 suka halaka, har da Amurkawa 128 da yara kusan 100. Jirgin na ɗauke da kwale-kwalen ceto 48, amma saboda yadda ya karkata nan take, shida kaɗai aka iya saukarwa lafiya. Tun daga ranar ake ta gardama kan wanda ke da alhakin waɗannan rayuka, kuma akwai masu cewa Jamus na da uzuri, saboda an tabbatar jirgin na ɗauke da kayan yaƙi. Ra'ayina shi ne wannan uzuri bai karɓu ba. Birtaniya ta yi nata laifin, babba ma kuwa, amma alhakin kisan yana wuyan wanda ya yi harbin da gwamnatin da ta ba shi izini.

Kafin a yanke wa kowa hukunci sai an san dokar da ke aiki a lokacin. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙasashe masu sojan ruwa sun amince da ƙa'ida a kan jiragen kasuwanci na abokan gaba: a tsayar da jirgi, a bincike shi, in an ga dalilin nutsar da shi sai a fara kai ma'aikata da fasinjoji inda za su tsira. Ƙa'idar ta ba da damar ƙwace kaya ko hallaka jirgi, ta hana taɓa ran wanda ba mayaƙi ba, muddin jirgin bai gudu ba kuma bai yi turjiya ba. Kyaftin Walther Schwieger, kwamandan U-20, ya san wannan sarai, domin kwana biyu kafin harin ya tare wani ƙaramin jirgi mai filafilai, Earl of Lathom, ya umarci ma'aikatansa su fita, sannan ya nutsar da shi. Ko tsayarwar ma ba ta wadatar in ba a bai wa mutane isasshen lokaci ba. Ranar 28 ga Maris na wannan shekara an tare Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya tashi daga Liverpool zuwa Afirka ta Yamma, aka ba mutanen ciki 'yan mintuna, aka harbe shi ana tsakar sauke kwale-kwale, mutum 104 suka mutu. A kan Lusitania kuwa ko waɗannan 'yan mintuna ba a bayar ba.

Hujjar farko da masu kare Jamus ke kawowa ita ce ta makamai, kuma tana da tushe. A cikin jirgin akwai akwatuna kusan 4,200 na harsasan bindiga, wato harsashi sama da miliyan huɗu, da akwatuna kusan 1,250 na kwanson harsasan igwa. A 2008 masu nutso sun ga irin waɗannan harsasai a ɓaraguzan jirgin da idonsu. Gaskiya ne kuma gwamnatin Birtaniya ta ba kamfanin Cunard, mai jirgin, rance don ƙera jirgin, bisa sharaɗin za ta iya mayar da shi na yaƙi in buƙata ta taso. Duk da haka hujjar ta gaza ta fuska biyu. Na ɗaya, abin da kayan yaƙi ke jawo wa jirgi a dokar wancan zamani shi ne a kama shi ko a nutsar da shi bayan an kwashe mutane; ba su ɗauke wajibcin gargaɗi ba. Ba a kuma ɗora wa Lusitania igwa ba, kamar yadda shugaban kwastan na tashar New York ya shaida bayan an duba shi. Na biyu, wanda ke leƙen jirgi ta madubi daga ƙarƙashin ruwa ba ya ganin abin da ke cikin rumbun kaya. Schwieger ya ga ƙaton jirgi mai bututun hayaƙi huɗu, ya harba. Maganar harsasai daga baya gwamnatinsa ta riƙe ta. Ana auna aikin mutum ne da abin da ya sani a lokacin da ya aikata, kuma dalilin da aka tsinto bayan an gama kisa ba ya komawa baya ya wanke makashi.

Hujja ta biyu ita ce an yi gargaɗi. A watan Fabrairu na 1915 Jamus ta ayyana ruwan da ke kewaye da tsibiran Birtaniya a matsayin fagen yaƙi, kuma ranar da jirgin zai tashi ofishin jakadancinta a Amurka ya buga sanarwa a jaridu, kusa da tallar Cunard, cewa duk wanda ya hau jirgin Birtaniya ya ɗauki kasada da kansa. Masu wannan magana na cewa wanda aka faɗa wa bai ji ba shi ya so. Sai dai gargaɗin da doka ke nufi shi ne wanda ake yi a wurin, wanda ke ba mutum damar sauka daga jirgi da ransa. Sanarwar jarida bayyana niyya ce kawai, kuma wanda ya yi shelar zai aikata ɓarna bai sami lasisin aikata ta ba don ya yi shela. In aka amince da wannan tunani, kowace ƙasa na iya shata da'ira a taswira, ta buga talla, ta mayar da duk farar hular da ke ciki abin farauta. Ban da haka, yara da jarirai ba su karanta jarida ba, haka ma masu zuba kwal a ƙasan jirgin, waɗanda neman abinci ya kai su, ba su da zaɓin fasa tafiya.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Jirgin ƙarƙashin teku na wancan lokaci ƙarami ne, jikinsa ba kauri, ba shi da wurin ɗaukar ko da fasinja goma. Da zarar ya taso sama ya zama abin hari. Hukumar sojan ruwan Birtaniya, a ƙarƙashin Winston Churchill, ta umarci jiragen kasuwanci su gudu ko su yi kan jirgin da ya taso su banke shi, ta fara ɗora wa wasu bindigogi, ta kuma yarda da ɗaga tutar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu don yaudara. Shi kansa Lusitania ya ɗaga tutar Amurka a wata tafiya a Fabrairun 1915. Saboda haka, in ji su, Birtaniya ce ta mayar da bin doka tamkar kashe kai ga Bajamushe. Duk wannan ya faru. Amma abin da ke biyo bayansa a hankalce shi ne: makamin da ba zai iya cika sharaɗin hari ba, sai ya haƙura da wannan harin. Raunin makami matsalar mai makami ce, bai kamata a biya ta da ran fasinja ba. Jamus da kanta ta nuna haƙurin mai yiwuwa ne. Bayan an nutsar da wani jirgin fasinja mai suna Arabic a Agusta, jakadanta a Washington ya yi alkawari a Satumban 1915 cewa ba za a ƙara nutsar da jirgin fasinja babu gargaɗi ba, a farkon 1916 kuma ta amince za ta biya diyyar Amurkawan da suka mutu. Da ta koma harin kan-mai-uwa-da-wabi a Fabrairun 1917, lissafin siyasa ta yi, lissafin da ya jawo Amurka cikin yaƙin a Afrilu.

Sauran abin da ake cewa shi ne ramuwa ce. Birtaniya ta yi wa Jamus ƙawanya ta ruwa, ta hana shigar da kaya har da abinci, kuma kafin a gama yaƙin yunwa da cututtukan da ke bin ta sun kashe fararen hula dubban ɗaruruwa a Jamus. Wannan zalunci ne, kuma tarihin da masu nasara suka rubuta ya daɗe yana sassauta shi. Amma ramuwa tana da ma'ana ne in ta faɗa kan wanda ya yi laifin. Matar da ke komawa gida da goyonta ba ita ta tsara ƙawanyar ba, mutuwarta kuma ba ta shigar da buhun alkama ko ɗaya tashar Hamburg ba.

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma warin Birtaniya a wannan lamari ba ya ɓoyuwa. Gwamnati da kamfani sun san tekun ya zama fagen yaƙi, suka ci gaba da sayar da tikiti ga iyalai a kan jirgin da aka loda wa harsasai. An rufe ɗaya daga cikin ɗakunan tukwanen tururinsa huɗu don tsimin kwal, gudunsa ya ragu, alhali gudun nan ne babbar kariyarsa. Hukumar sojan ruwa, wadda ke karanta saƙonnin sirrin Jamus, ta san akwai jirgin ƙarƙashin teku a yankin, ga jiragen da ya nutsar a kwanakin, amma ba ta tura rakiya ba. Bayan abin ya faru ta nemi ɗora laifin kan kyaftin ɗin jirgin, William Turner, sai dai kwamitin bincike na Lord Mersey ya wanke shi. Sakataren harkokin wajen Amurka, William Jennings Bryan, wanda ya ajiye aiki a Yunin 1915 saboda saɓani da Shugaba Woodrow Wilson kan zafin wasiƙun da ake aika wa Jamus, ya dage cewa bai dace a haɗa fasinja da kayan yaƙi a jirgi ɗaya ba, kuma a nan yana da gaskiya. Wasu na wuce nan su ce da gangan Churchill ya bar jirgin don a jawo Amurka yaƙi. Abin da takardu suka nuna sakaci ne da rufa-rufa, kuma waɗannan kaɗai sun isa abin zargi. Amma laifin wanda ya jefa mutane cikin haɗari daban yake da na wanda ya kashe su. Kowanne yana ɗauke da nasa cikakke, ba a rage wa ɗaya don an sami ɗayan.

Akwai masu cewa duk wannan muhawara ɓata lokaci ce, tunda tarihi ya nuna babu mai bin dokar. A 1936 manyan ƙasashe, har da Jamus, suka sake amincewa da ƙa'idar a Landan, amma ranar 3 ga Satumba, 1939, ranar da Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka nutsar da jirgin fasinja Athenia babu gargaɗi. A Janairun 1945 jirgin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet ya nutsar da jirgin Jamus mai suna Wilhelm Gustloff a tekun Baltik, mutum wajen 9,000 suka mutu, galibinsu 'yan gudun hijira. A shari'ar Nuremberg kuma, da aka gabatar da shaidar Admiral Chester Nimitz cewa Amurka ma ta yi irin wannan yaƙi a tekun Pasifik, kotu ba ta ɗora hukuncin Admiral Karl Dönitz na Jamus kan tuhumar nutsar da jirage babu gargaɗi ba. Abin da wannan ya tabbatar shi ne masu nasara sun rasa bakin tuhuma saboda hannunsu ma da jini. Bai tabbatar da cewa aikin ya zama halal ba. Yawan masu karya doka dalili ne na ƙarfafa ta, domin ita kaɗai ce abin da marar makami zai iya dogara da shi.

Muhimmancin batun Lusitania a yau shi ne hujjojin nan ba su mutu ba. Duk lokacin da aka kai hari kan asibiti, kasuwa ko ayarin motoci, abin da ake ji shi ne akwai makamai a ciki, an yi gargaɗi, ba yadda za a yi, su suka fara. Wani lokaci ma gaskiya ne akwai makaman. Amsar da ta dace ita ce a riƙe wajibai biyu a lokaci guda: haramun ne a ɓoye kayan yaƙi a bayan farar hula, haramun ne kuma a kashe farar hular don a kai ga kayan. Wanda ya saɓa na farko a tuhume shi, wanda ya saɓa na biyu a tuhume shi, kada a bar ɗayansu ya biya bashinsa da laifin ɗan'uwansa. In aka yarda laifin wani na goge na wani, kowane ɓangare zai fita da hujjarsa a hannu, a rasa wanda za a tambaya jinin waɗanda suka mutu.