Na'ura ta gano cuta, wa zai biya magani?

Hawan jini, wanda jama'a ke kira tansiyo, ba ya sallama. Shi ke kayar da ɗan kasuwa a rumfarsa, shi ke shanye ɓarin jikin ma'aikaci, shi ke kumbura zuciya har numfashi ya gagara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa baligi 1 cikin 3 a duniya na ɗauke da shi, kuma 4 cikin 5 na masu shi ba su samun kulawar da ta kamata.

Zamani ya kawo kayan aiki. Ma'aunin jini mai batir yana nuna cikin minti guda ko awo ya kai 140/90. Wani injiniya ɗan Kamaru, Arthur Zang, ya ƙera Cardiopad, allon kwamfuta mai ɗaukar bugun zuciya a ƙauye ya aika ta layin salula zuwa ga ƙwararren likita a birni, abin da ya ba shi kyautar Rolex a 2014. Da irin wannan na'ura, majinyacin Dakoro ko Tanut ko Madawa zai san halin zuciyarsa ba tare da ya sayar da bisashe ya kama hanyar Yamai ba. Haka ma mai jego, tunda likitoci sun daɗe da shaida yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa.

Sai dai kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu in babu abu uku: wuta, layi da magani. Ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke lantarki birane suka shiga duhu. Na'urar da ba ta da hasken rana a bayanta ado ce kawai. Batun magani kuwa ya fi tsanani. Tun tsarin Bamako na 1987 talaka ke sa hannu aljihu a gidan likita. Kyautar magani ta 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da matan da aka yi wa aikin haihuwa, ba ta shafi mai hawan jini ba, alhali maganinsa na kullum ne har ƙarshen rai. A gaya wa manomi zuciyarsa ta kumbura, a sallame shi da takardar da ba ya iya saye, wannan ƙara masa fargaba ne.

Saboda haka wajibi ne mahukunta su fara daga tushe: ma'aunin jini da wutar rana a kowace cibiyar lafiya ta karkara, horo ga malaman jinya, likitan da aka ɗora wa alhakin amsa saƙo a ranar, da magani mai rahusa da ba ya yankewa. Attajiran Maraɗi da Damagaram masu zuwa duba lafiya ƙasashen waje su ma suna da abin yi, domin kuɗin tafiya guda ya isa sayen ma'auni masu yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.